Yadda ake gyara shokar gaba da canza oyil sil a tsohon babur

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu riƙe da tsofaffin babura ita ce ta shokar gaba. Mai yana tsiyaya, an canza oyil sil, wato zoben robar da ke hana mai fita daga shoka, sau biyu ko uku, bayan mako biyu kuma ƙafar ta sake jiƙewa, ƙura ta manne ta yi baƙi. Wasu kuma sun faɗa rami ko sun yi karo, tun daga ranar babur yake ja gefe ɗaya. Zan bi aikin daki-daki a kan Honda CG125 ta da, wadda aka fara fitarwa a tsakiyar shekarun 1970, domin ita ce a hannuna, gadon baffana. Tsarin kusan ɗaya ne da na sauran ƙananan Honda da Yamaha da Suzuki na wancan zamani, in ban da bambancin da zan ambata a inda ya taso.

Ka riƙe wannan tun kafin ka taɓa sifana: ba kasafai sil ke mutuwa haka kawai ba. Fayif ɗin da ke shiga da fita a cikinsa ne ke cinye shi, ko don tsatsa ta huda shi, ko don ya lanƙwashe. Wanda ya sa sabon sil a kan fayif mai miki ya zubar da kuɗinsa ne kurum.

Don mu fahimci juna: in na ce fayif, ina nufin dogon ƙarfen nan mai sheƙi na sama. In na ce ƙafa, ina nufin ɓangaren ƙasa da ke riƙe da taya. Mariƙin sama da mariƙin ƙasa su ne ƙarafa biyu da ke damƙe fayif a wuyan babur.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Za ka buƙaci sifanoni da soket daga lamba 10 zuwa 22, alanki mai dogon hannu (galibi lamba 6), filaya mai siririn baki ta cire kilif (zoben ƙarfen da ke tare sil a mazauninsa), sukundireba mai faɗin baki, gudumar roba ko guntun katako, samfefa mai laushi lamba 600 da 1200, kananzir, tsummoki masu tsabta, sirinji babba da guntun siririn tiyo, kofin awo mai alamar mililita, ledar shago, guntun fayif ɗin roba na famfo, tsohuwar sandar mofa ko ta tsintsiyar zamani, da faffaɗan gilashi.

Abin saye: sil guda biyu, robar ƙura guda biyu, man shoka, da washa ta jan ƙarfe guda biyu. Sil da washa su ne mafi araha a duk aikin, mai yana biye, sabon fayif kuwa yana ninka su sau da yawa. Don haka kada a yi tsimi a wajen sil. Ko da ƙafa ɗaya ce ke yoyo, a canza duka biyun. Ka tafi kasuwa da tsohon sil a aljihu. A bayansa akwai lambobi uku, misali 27-39-10.5: faɗin ciki, faɗin waje, da kauri, duk da milimita. CG ta da fayif ɗinta milimita 27 ne, amma sauran lambobin biyu sukan bambanta, saboda haka lambar da ke jikin naka ita ce hujja, ba maganar mai shago ba. Sil mai kyau leɓensa yana da laushi, akwai siririn sifirin zagaye da shi ta ciki. In ka sami na kamfanin NOK na Japan na gaske, ɗauki.

Ka ware wa aikin wuni guda, a inuwa, a kan siminti. Kada a yi shi a kan yashi, musamman lokacin hunturu. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin ƙafa ta isa ta ɓata komai.

1. Duba kafin ka kwance

Goge fayif ɗin biyu, kama birkin gaba, danna kan babur ƙasa da ƙarfi sau biyar ko shida. Zoben mai a jikin fayif yana nuna wace ƙafa ce ke yoyo. Saurari kuma: in shokar ta nutse ta ƙi tasowa, ko tana tasowa da tsalle-tsalle kamar tana sarƙewa, akwai yiwuwar fayif ya lanƙwashe. Tsaya gaban babur ka haɗa ido da taya da madigadi da kan babur. In kan yana miƙe amma taya ta karkace, ko dai fayif ya lanƙwashe ko mariƙai sun murɗe.

Ɗauki hoton yadda wayar birki da wayar mita da wayoyin fitila suka bi, da kuma tsayin fayif a mariƙin sama. Za ka gode wa kanka da yamma.

2. Sassauta abubuwa tun babur yana tsaye

Nan ne mafi yawan mutane ke jawo wa kansu wahala. Akwai ƙusoshi biyu da suka fi sauƙin kwancewa tun shokar tana jikin babur.

Na farko shi ne babban murfin da ke saman fayif. Sassauta shi zagaye ɗaya kawai alhali mariƙin ƙasa yana damƙe da fayif. In babur ɗinka yana da ƙusar matsewa a mariƙin sama, fara sassauta ta, domin tana matse bakin fayif ta hana murfin juyawa. A ƙananan Honda da yawa murfin ne da kansa ke ɗaure fayif da mariƙin sama, don haka sai an cire shi gaba ɗaya fayif zai fita.

Gargaɗi: akwai sifirin a danne ƙarƙashin murfin nan. In za ka cire shi, danne shi da tafin hannu a zagayen ƙarshe, kuma kada fuskarka ta kasance a samansa.

Na biyu shi ne ƙusar alanki da ke can ƙarƙashin ƙafa, wadda ba ka ganinta sai an zare shaf ɗin taya. Za mu zo kanta yanzu.

3. Ɗage gaba, cire taya

Kafa babur a babban jak, sa katako ko akwati mai ƙarfi ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa. Girgiza shi ka tabbata ba zai kife ba. Cire wayar birki da wayar mita, cire fin da notin shaf, zare shaf, sauke taya. Jera sifesa da washa yadda suka fito, na hagu a hagu, na dama a dama. Cire madigadi.

Buɗe farantin birki ka duba. In man shoka ya gangara ya jiƙa takalman birki, canza su. Wankewa da fetur ba ya fitar da man da ya riga ya shige, da birki ya ɗauki zafi zai sake fitowa, kuma ranar da kake buƙatar birkin ne zai ci amanarka.

Yanzu leƙa ƙarƙashin ƙafa. In ka ga kan ƙusar alanki, kankare dattin da ya cika ramin tukuna, tura alankin har ƙarshe, ka karya ƙarfinta da fizga ɗaya tun sifirin yana ciki yana danne sandar ciki, wato sandar da ƙusar nan ke ɗaure da ita a cikin fayif. Rabin zagaye ya isa. Alankin da bai zauna sosai ba yana cinye kan ƙusar, daga nan sai injin huda.

In ba ka ga ƙusa ba, to shokarka irin ta da ce sosai, kamar ta wasu Honda na ƙarshen shekarun 1960 masu sifirin a waje. A irinsu kilif ɗin da ke saman sil ne ke riƙe komai.

4. Zare ƙafafu, zubar da mai

Sassauta ƙusar mariƙin ƙasa, riƙe ƙafar da hannu ɗaya, murɗa fayif kana ja ƙasa. In tsatsa ta kama shi, ɗiga mai, ka cusa bakin sukundireba a tsagar mariƙin don ya ɗan buɗe. Kada ka doki bakin fayif da gudumar ƙarfe, zaren murfin yana nan.

Ajiye kayan kowace ƙafa daban, don kada kayan ciki su cakuɗe. Cire murfi in bai riga ya fita ba, zaro sifirin, ka lura da wane gefe ne ke sama, domin wasu sifirin suna da gefen da zagayensu ya fi matsewa. Juye man cikin kofin awo, kana turawa kana ja har ya daina ɗiga. Rubuta yawan da ya fito daga ƙafar da ba ta yoyo. Dubi man kuma. In ya yi toka-toka da ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. In ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga.

5. Raba fayif da ƙafa

Cire ƙusar ƙasa gaba ɗaya. In tana juyawa ba ta fita, sandar ciki ce ke bin ta. Fiƙe bakin sandar mofa kamar fensir, tura ta cikin fayif har ta cije kan sandar ciki, wani ya danne kai kuma ka kwance. Da ƙusar ta fita, fayif zai zaro. Karkata shi a kan tsumma, sandar ciki da ɗan gajeren sifirinta za su faɗo. A can gindin ƙafa akwai wani ɗan kofi da sandar ke zama a ciki, kada ya ɓace.

A shoka mai sifirin a waje, cire kilif, riƙe ƙafar, ka riƙa fizgo fayif da ƙarfi sau da yawa har sil da bushin, wato zoben da fayif ke zamewa a cikinsa, su fito tare.

In za ka damƙe ƙafa a bais, kama ta ta wurin kunnuwan madigadi ko wurin shaf, da katako ko tsumma a tsakani. Wanda ya matse tsakiyarta zai lotsa ramin da fayif ke bi.

6. Cire tsohon sil

Ɗaga robar ƙura, cire kilif. A tsofaffin babura sau da yawa kilif ɗin ya yi tsatsa ya nutse cikin datti, sai an jiƙa shi da kananzir an kankare. Ɗora guntun katako ko tsumma mai kauri a leɓen ƙafar, sa sukundireba ƙarƙashin sil, ka ɗaga kaɗan nan, kaɗan can, kana zagayawa. In ya ƙi, tsoma bakin ƙafar cikin tafasasshen ruwa na 'yan mintuna, alminiyam ya fi saurin buɗewa, sil zai saki.

Gargaɗi: bakin sukundireba kada ya karce bangon da sil ke zama. Karce ɗaya a nan, mai zai riƙa bi ta bayan sabon sil, kai kuma kana ta zargin sil.

Wanke komai da kananzir, hura ƙananan hudojin sandar ciki su buɗe, domin ta nan mai ke wucewa ya hana babur tsalle. Shanya su a kan tsumma mai tsabta.

7. Binciken fayif

Wannan ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ka zauna ka natsu.

Fara da miƙewa. Ɗora fayif a kan gilashi ka mirgina shi a hankali, idonka daidai da gilashin, haske yana bayansa. Fayif mai lafiya yana tafiya shiru, ba haske a ƙarƙashinsa. Lanƙwasasshe yana ɗingishi, haske yana buɗewa yana rufewa. In ba gilashi, haɗa fayif ɗin biyu gefe da gefe ka riƙa juya ɗaya, za ka ga tazara tana bayyana. Littattafan gyara na Honda sun sa iyakar karkacewa a milimita 0.2, wato kaurin takarda biyu. Galibi lanƙwasar tana faruwa ne daidai ƙarƙashin mariƙin ƙasa, can za ka fi zuba ido.

In lanƙwasar 'yar kaɗan ce, mai santsi kamar baka, ana iya miƙar da ita a injin matsa, a sanye, fayif yana kan katako ko alminiyam mai siffar kwari, ana dannawa kaɗan ana aunawa. Masu injin gyaran ƙarfe a wurare irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano suna da irin wannan inji. Tsaya a kansu, ka tafi da gilashinka.

In kuwa akwai ƙulli, ko lotsawa, ko fatar kurom ta tsattsage a wurin lanƙwasar, fayif ɗin ya gama aiki. Jefar da shi. Kuma kada ka yarda kowa ya sa masa wuta. Na taɓa tsayawa wani bakanike yana gasa fayif da wutar walda har ya yi ja, ya miƙar da shi a tsakanin duwatsu biyu, ya mayar wa wani ɗan acaɓa. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, fayif ɗin yana iya sake lanƙwashewa ko ya karye a rami na gaba, da mutum da fasinja a kai. Abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa nake nanata shi.

Sai kuma fata. Bi da farcenka a hankali daga inda sil ke zama zuwa inda shoka ke kaiwa in ta nutse. Duk inda farce ya tsaya, nan ne ke yanka sil. Tsatsar da ke can sama tsakanin mariƙai biyu ba ta da illa ga sil, goge ta kawai don kada ta yaga shi wajen sakawa. Amma ramukan da ke hanyar sil sai an yi musu magani. In ƙanana ne kuma ba su da yawa, goge bakinsu mai kaifi da samfefa 600 da ɗan mai, wanke wurin tas ya bushe, cike kowane rami da gam mai haɗi biyu irin Araldite, bar shi ya kwana. Washegari kankare tudun da reza a kwance, bi da 1200 har farce ya wuce bai ji komai ba.

Gargaɗi: goga samfefa zagaye da fayif, kamar mai goge takalmi da tsumma. Gugar tsaye, sama da ƙasa, tana buɗe wa mai hanyoyi.

Wannan cikon yana ɗaukar lokaci mai kyau in an yi shi da haƙuri, amma in ramukan sun yi yawa kamar fatar lemo, nemi wani fayif. Wasu fayif na babura 'yan China da aka kwaikwayi CG suna da faɗi ɗaya, sai dai tsayi da zaren murfi da tsarin gindi sukan saɓa. Tafi da naka ka gwada a shagon, har da murfin da sandar ciki.

Kafin ka bar wannan mataki, tura fayif cikin ƙafa ba tare da sil ba ka girgiza shi gefe da gefe. In yana kaɗawa sosai, bushin ya cinye, ko ramin ƙafar kansa a irin waɗanda ba su da bushin. Sil ba zai iya toshe wannan ba. Jera sifirin biyu kuma, in ɗaya ya gajarce, canza su tare.

8. Haɗawa da sa sabon sil

Mayar da sandar ciki da gajeren sifirinta cikin fayif, ɗora ɗan kofin a bakinta, zura duka cikin ƙafa a hankali. Sa sabuwar washar jan ƙarfe a ƙusar ƙasa, ɗiga mata gam ɗin zare in kana da shi. Tura fayif ya kai ƙasa gaba ɗaya kafin ka ɗaure, don komai ya zauna a tsakiya. Ɗaurin kimanin Nm 20 ne, wato ƙarfin hannu ɗaya a kan alanki, ba tare da an ƙara masa tsawo ba. Ja fayif sama da ƙasa, ya kamata ya tafi sumul. Tsohuwar washa ta riga ta daddale, in ka mayar da ita mai zai riƙa ɗiga ta ƙasa.

Rufe bakin fayif da leda, shafa man shoka a ledar da leɓen sil, zura sil ta kai. Ledar tana kare leɓen daga kaifin baki. Gefen da ke da lambobi yana kallon sama, buɗaɗɗen gefen yana kallon mai. Juya sil shi ne kuskuren da na fi gani.

Ɗora tsohon sil a kan sabon, zura fayif ɗin roban famfo ta sama, ka riƙa bugawa a hankali har sabon ya zauna daidai, ramin kilif ya bayyana duk zagaye. Za ka ji sautin ya canza in ya kai. Kada a tura sil da bakin sukundireba ko ƙusa. Sa kilif, juya shi cikin raminsa ka tabbata ya faɗa, sannan robar ƙura.

9. Zuba mai

Man shoka na musamman lamba 10W shi ne zaɓin farko. In babu, man giyar mota mai sarrafa kanta, wato jan man nan ATF, yana aiki, kuma shi Honda ta rubuta a littattafan babura da dama na shekarun 1970. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, wanda wasu ke ɗurawa, datti ne da ɓarɓashin ƙarfe, shi ke kashe sil da wuri.

Yawan mai yana bin samfurin babur, don haka bi littafin naka. In babu littafi, abin da ka auna daga ƙafar da ba ta yoyo shi ne madogara, ka ɗan ƙara kaɗan saboda wanda ya manne a ciki. Zuba, ja fayif sama da ƙasa sau goma zuwa goma sha biyar har kumfa ta daina tasowa. Sannan tura fayif ƙasa gaba ɗaya, ba sifirin a ciki, ka auna daga baki zuwa saman mai. Dole awon ya zama ɗaya a ƙafafu biyu. Sirinji da tiyo su ne na zuƙe rarar.

Gargaɗi: kada a cika mai fiye da kima. Iskar da ke sama ce ke matsewa in shoka ta nutse, in ka cike wurinta da mai, matsin zai koma kan sil ya fasa shi.

Ja fayif sama, mayar da sifirin yadda ya fito, duba zoben robar murfi, ka fara ɗaura murfin da hannu don kada zare ya hau karkace (in murfin ne ke ɗaure fayif da mariƙin sama, bari sai fayif ya koma wurinsa).

10. Mayarwa da daidaitawa

Tun da ƙafafu suna waje, juya mariƙai hagu da dama. In kana jin gargada ko suna tsayawa a tsakiya, boris ɗin wuya ya lalace, kuma yanzu ne lokacin gyara shi. Ƙwallayen a sake suke, shimfiɗa tsumma ka ƙirga na sama da na ƙasa daban. In babur ya yi karo, zura fayif mai lafiya ta mariƙin ƙasa ka gani ko ya nufi ramin sama kai tsaye. In sai an tanƙwara shi zai shiga, mariƙin ya murɗe.

Mayar da ƙafafu, tsayinsu ɗaya kamar yadda hoton ya nuna. Ɗaure sama sosai, ƙusoshin mariƙin ƙasa kuwa ɗan kama su kawai. Sa madigadi da taya da shaf, su ma a sake kaɗan. Haɗa wayar birki, sauke babur ƙasa, kama birki ka danna gaba da ƙarfi sau shida ko bakwai don komai ya nemi mazauninsa. Ɗora guntun gilashi a kan fayif biyun, in ya kwanta bai yi rawa ba, sun daidaita. Sai ka ɗaure mariƙin ƙasa, shaf, madigadi, ka sa sabon fin a notin shaf.

In babur ɗinka yana karɓar doguwar robar nan mai lanƙwasa da ke rufe fayif, sa ta kafin ka mayar da ƙafafu. A ƙurarmu ita ce babbar garkuwar sil.

Gwada birki tun kana tsaye, sannan ka zaga unguwa a hankali, ka bi ta kan 'yar gargada. Dawo ka goge fayif. Ɗan danshi a ranar farko man haɗawa ne. Goge, sake fita, sake dubawa. Bayan kwana biyu ko uku ka bi duk ƙusoshin da sifana, ka shafa yatsa ƙarƙashin ƙafa wurin shaf ka gani ko washar jan ƙarfe ta riƙe.